Ƙona akwatunan ƙuri'un gidan waya a Amurka: wa ke yi, me yake nema, kuma ina ƙuri'un ke zuwa?

Tambaya: Malam, lokacin zaɓen Amurka na 2024 na ga hoton akwatin zaɓe yana ci da wuta a bakin titi, ana zaƙulo takardu suna hayaƙi. Me ya kai akwatin zaɓe bakin titi alhali ranar zaɓe ba ta zo ba? Su wa ke cinna wutar, kuma wace jam'iyya suke yi wa aiki? Wanda ƙuri'arsa ta ƙone fa, shi ke nan ya yi asara?

Amsa: Hoton da ka gani na garin Vancouver ne da ke jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka. Ba Vancouver ta Kanada ba ce, kuma jihar daban take da birnin Washington inda fadar shugaban ƙasa take. Abin ya faru da asubahin Litinin, 28 ga Oktoba 2024, saura kwana takwas a yi zaɓe. Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai sauƙi: mafi yawan waɗanda ƙuri'unsu suka ƙone ba su yi asara ba, an ba su wasu. Ta tsakiyar ce mai wuya, kuma a kanta mutane suka fi saurin yanke hukunci.

Amurka ba ta da hukumar zaɓe ɗaya tilo irin INEC. Kowace jiha da dokarta, kuma a aikace gundumomi ne ke buga ƙuri'a, su raba, su karɓa, su ƙirga. Jihar Oregon ce ta fara komawa zaɓe ta gidan waya kacokan, bayan jama'arta sun amince da haka a ƙuri'ar raba gardama ta 1998. Maƙwabciyarta Washington ta mai da shi doka a duk faɗin jihar a 2011. Zuwa 2024 jihohi takwas ne ke aika wa duk mai rajista ƙuri'arsa har gida ko bai nema ba: waɗannan biyun, da Kalifoniya, Colorado, Utah, Nevada, Hawaii da Vermont. A sauran jihohi sai mutum ya nema, a wasu ma sai ya kawo uzuri. Annobar korona ce ta faɗaɗa abin, har a 2020 sama da kashi 40 cikin ɗari na masu zaɓe ta wannan hanya suka bi.

Ga yadda ake yi a jihar Washington. Saura kwana 18 zaɓe ofishin gunduma zai sa wa kowa ƙunshinsa a gidan waya. A ciki akwai takardar ƙuri'a, da 'yar rigar takarda ta sirri, da ambulan na mayarwa. Babu dangwala yatsa, da biro ake cike ɗan zagayen da ke gefen sunan ɗan takara. Sai a zura ƙuri'ar a rigar sirrin, a sa a ambulan, a liƙe, a sa hannu. Ka riƙe wannan ambulan a ranka, don duk amsar a jikinsa take. Yana ɗauke da sunan mai ƙuri'ar, da wata lamba mai zane-zane da na'ura ke karantawa, wadda tasa ce shi kaɗai. Takardar ƙuri'ar ita kanta ba ta da suna, kuma ba a raba ta da ambulan sai an gwada sa hannun da wanda ke cikin rajista an ga sun dace.

Hanyar mayarwa biyu ce. Ko ka jefa a shuɗin akwatin gidan waya da ake jefa kowace wasiƙa, ko ka kai akwatin da gunduma ta kafa don ƙuri'a kaɗai. Mutane da yawa sun fi son na biyun, saboda daga can kai tsaye sai ofishin zaɓe, babu fargabar jinkirin gidan waya. Dokar jihar ta 2017 ta ce a kafa aƙalla akwati ɗaya ga kowane masu rajista 15,000, kuma kowane gari ya samu nasa. Suna buɗe dare da rana har ƙarfe 8 na daren ranar zaɓe.

Kada ka ɗauko hoton akwatin roba mai garai-garai da muka saba gani a rumfar zaɓe. Wannan ƙarfe ne mai kaurin wajen milimita 6, manyansu sukan kai kilo 450, an ɗaure su da kusoshi a cikin kankare. Bakinsa siriri ne, ambulan ɗaya ko biyu ke shiga a lokaci guda, kuma an karkata hanyar ta ciki yadda hannu ba zai kai ga tarin ba. Mutum biyu ne ke kwashewa, ba a barin mutum ɗaya. Su duba lambar hatimin da ke ƙofa ko ita ce wadda aka bari, su rubuta lokaci, su zuba a jaka mai kulle, su maƙala sabon hatimi, kowa ya sa hannu. Ɓarawo da motar da ta ƙwace aka yi wa wannan shiri. Wuta ta same shi ta inda yake da rauni, domin abin da ke cikinsa busasshiyar takarda ce tari guda.

Daren da abin ya faru

Wajen ƙarfe 3:30 na dare, a birnin Portland na jihar Oregon, wani ya tsaya da mota a akwatin da ke gefen ofishin zaɓe na gundumar Multnomah, ya manna wani abu a jikinsa, ya wuce. Masu gadin da ke kusa suka kashe wutar ta waje, hodar kashe wuta da ke cikin akwatin ta zubo kan ambulan. Ƙuri'a uku kacal suka lalace, kuma an gane masu su. Bayan kamar rabin awa, a tsallaken kogin Columbia, wuta ta tashi a akwatin da ke tashar bas ta Fisher's Landing a Vancouver. Shi ma yana da abin kashe wuta a ciki, amma bai hana ɓarna ba. Jami'ai suka buɗe ƙofar, suka jawo tarin ambulan yana ci, suka baza a ƙasa suna kashewa. Shi ne hoton da ya karaɗe duniya.

Akwai wani abu da hoton bai nuna ba, kuma shi ya sa ɓarnar ta yi yawa. Rabon da a kwashe akwatin tun ƙarfe 11 na safiyar Asabar. Ke nan ƙuri'un awa 40 da 'yan kai, na yinin Asabar da duk Lahadi, lokacin da mutane ke gida suna cike takardunsu, su ne suka kwana a ciki.

'Yan sanda sun haɗa waɗannan biyun da wani na uku da aka yi tun 8 ga Oktoba a wani akwatin cikin garin Vancouver. Wancan bai taɓa ƙuri'a ko ɗaya ba, lokacin ba a ma aika wa yawancin jama'a nasu ba.

Yadda ake ceto ƙuri'ar da ta ƙone

A jihar Washington oditan gunduma ne ke riƙe da harkar zaɓe, kuma a gundumar Clark, inda Vancouver take, a lokacin Greg Kimsey ne. Ofishinsa ya yi abu biyu a tare. Ya yi shela cewa duk wanda ya jefa ƙuri'a a wannan akwati bayan ƙarfe 11 na safiyar Asabar ya nemi wata. Ma'aikata kuma suka zauna suna bin ragowar ambulan ɗaya bayan ɗaya, suna neman suna, ko adireshi, ko guntun lambar nan. Suka gano masu ƙuri'a 488. A cikinsu 345 sun riga sun nemi sabuwa da kansu kafin a neme su, sauran 143 ofis ya aika musu. Shida ne aka kasa gane masu su, ban da waɗanda wataƙila sun zama toka ƙurmus.

Za ka ce to me zai hana wani ya yi ƙarya ya karɓi ta biyu ya yi zaɓe sau biyu? Lambar ambulan ce ke hanawa. Rajistar jiha tana rubuta duk ƙuri'ar da aka ba mutum, kuma ambulan ɗaya tak ake karɓa da sunansa. Da zarar ɗaya ya shigo an amince da sa hannunsa, duk wanda ya biyo baya ajiye shi ake yi ba a buɗe ba. Shi ya sa ba a tsoron ba da madadi, har mutum yana iya buga sabuwa daga shafin VoteWA na intanet, ko ya je ofis ya cike a can.

Idan ambulan ya babbake ta gefe amma ƙuri'ar ciki tana karantuwa, sai dai na'urar ƙirge ba za ta ja ta ba, akwai hanyar da aka saba bi ga duk takardar da ta yage ko ta jiƙe. Ma'aikata biyu su kwafi zaɓin mutumin a sabuwar takarda, a ba tsohuwar da sabuwar lamba ɗaya, a adana tsohuwar don mai son dubawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne akwatin ba ya rubuta wanda ya jefa. Shafin bin sawun ƙuri'a ba ya nuna an karɓa sai an kai ambulan ofis na'ura ta karanta. Wanda nasa ya zama toka, kuma bai ji shela ba, tsoho ne ko matafiyi, yana zaune da zaton ya yi zaɓe. Wannan shi ne mai asara na gaskiya. Maganinsa a hannun mai zaɓe yake: bayan kwana biyu ko uku da jefawa ya duba shafin, in bai ga an karɓa ba ya kira ofis.

Su wa ke yi?

A fara da waɗanda aka kama, tunda su ne aka ji ta bakinsu ko aka bincika halinsu. A 25 ga Oktoba 2020, wajen ƙarfe 4 na asuba, an cinna wuta a akwatin da ke gaban babban ɗakin karatu na birnin Boston, a dandalin Copley. Ƙuri'a 122 ne a ciki, 87 suka karantu aka ƙirga su. Gari ya ɗauka da cewa hari ne kan zaɓe. Da aka kama mutumin, mai shekara 39, babbar mai gabatar da ƙara ta yankin, Rachael Rollins, ta ce ba ta ga alamar yana ƙulla wa dimokuraɗiyya wani makirci ba, mutum ne mai damuwar ƙwaƙwalwa. A 24 ga Oktoba 2024 kuma an ƙona shuɗin akwatin gidan waya a birnin Phoenix na jihar Arizona, jihar da Trump da Kamala Harris ke kokawa a kanta, ƙuri'a wajen 20 suka lalace tare da sauran wasiƙu. 'Yan sanda suka ce wanda aka kama ya amsa laifinsa, ya ce so yake a kama shi a kulle, babu ruwansa da zaɓe.

Wannan ba ya yi wa masu son labari daɗi, amma haka abin yake. Akwati ne a tsaye a titi cikin dare, ana ta maganarsa a talabijin, kuma ashana ta isa. A Baldwin Park ta Kalifoniya, 18 ga Oktoba 2020, jarida mai ci da wuta aka tura ta bakin akwatin, sai da 'yan kwana-kwana suka yanka ƙarfen kafin su kai ga abin da ke ciki.

Na Portland da Vancouver wani iri ne daban. Abin da aka manna ƙerarre ne, an yi masa walda, har 'yan sandan Portland suka ce mai shi ƙwararre ne a aikin ƙarfe. Suka siffanta shi da farar fata mai shekara 30 zuwa 40, mai sanƙo ko gajeren gashi, a mota Volvo S60 mai duhun launi ƙirar 2003 ko 2004, babu lamba a gabanta. Hukumar FBI ta sa ladan dala 25,000 ga wanda ya ba da bayani. A Janairun 2025 ta sake fitowa neman taimakon jama'a, ta ce an yi amfani da sinadarin tamait, irin wanda ake haɗa ƙarfen layin dogo da shi, mai zafin da ke narka ƙarfe. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya zauna ya ƙera abu uku, ya gwada ɗaya, ya dawo bayan kwana 20, da niyya ya fito.

A jikin abubuwan an rubuta kiran a 'yantar da Gaza. Nan fa kowa ya samu abin da yake so. Masu ra'ayin riƙau suka ce ga shi nan, 'yan zanga-zangar Falasɗinu ne. Ɗaya ɓangaren suka ce shafa kashin kaji ne. Masu binciken kansu sun ce duka biyun suke dubawa, ko ra'ayinsa ne da gaske, ko ya rubuta ne don ya rikita mutane. Kowanne yana da abin kamawa. Fushi da gwamnatin Biden kan yaƙin Gaza gaskiya ne, a zaɓen fidda gwani na jihar Michigan a Fabrairun 2024 sama da mutum 100,000 suka ƙi zaɓensa suka jefa wa gurbin ba kowa. Ƙona akwatin wasiƙu don isar da saƙo ma tsohon abu ne: a Disambar 1911 Emily Davison, cikin matan Birtaniya masu neman 'yancin zaɓe, ta cinna wa akwatunan gidan waya wuta a Landan ta sha ɗauri. Amma rubutu a jikin ƙarfe ba shaida ba ne. Ɓarawo ma yana iya yar da hular wani a tsakar gidan da ya shiga. Shirin da aka yi yana nuna da gaske mutumin yake, ba ya nuna ɓangarensa.

Akwai kuma yanayin da ya mai da akwatin abin nunawa da yatsa. Bayan zaɓen 2020 Donald Trump ya dage cewa an yi masa maguɗi, shi da magoya bayansa suka shigar da ƙararraki sama da 60 da ba su kai ko'ina ba. A Mayun 2022 aka fitar da fim ɗin 2000 Mules, wanda ya yi zargin an biya wasu suna cusa ƙuri'un bogi a akwatunan nan. Kamfanin da ya rarraba shi, Salem Media, ya janye shi a Mayun 2024, ya kuma nemi afuwar wani mutumin jihar Georgia da aka nuna a ciki yana jefa ƙuri'un iyalinsa bisa doka. Kamfanin dillancin labarai na AP ya tambayi jami'an zaɓe na jihohi a 2022, bai samu inda maguɗi ko sata ko ɓarna a akwatunan ta kai ta taɓa sakamakon 2020 ba. Amma magana zarar bunu ce. A Oktoban 2022 an ga mutane da bindigogi, fuska a rufe, suna tsare da wani akwati a garin Mesa na Arizona, sai da alƙalin tarayya Michael Liburdi ya hana masu makami matsowa ƙasa da ƙafa 250. A Satumbar 2024 Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta gargaɗi jami'ai cewa wasu a intanet suna tattauna yadda za a lalata akwatunan. Duk wannan yana ƙara yawan masu kallon akwatin da mugun ido. Bai zama hujja a kan wata gobara guda ba, kuma mai adalci ba zai mai da shi hujja ba.

Sai masu cin ribar hayaƙin, waɗanda ba sa buƙatar ashana ko kaɗan. Kwana kaɗan kafin gobarar Vancouver wani bidiyo ya bazu yana nuna wani yana yayyaga ƙuri'un Trump a gundumar Bucks ta Pennsylvania. Jami'an gundumar suka ce ambulan da takardun ciki ba irin nasu ba ne, a 25 ga Oktoba kuma FBI da hukumomin leƙen asiri suka ce 'yan Rasha ne suka haɗa shi. Abin da wannan bidiyo ke nema shi ne abin da gobara ke samarwa kyauta, wato mutum ya ji a ransa cewa ƙuri'arsa ba ta isa inda ya aika ta.

Yana iya canza sakamako?

Mai karatu a Najeriya zai yi tunanin abin da ya sani, kuma ya kamata a bambance. A wurinmu takardar ƙuri'a ba ta da ambulan mai suna, in ta ƙone ba a san ta wa ba ce. Ɗan daba ya san rumfar da abokin hamayya ke da ƙarfi, don unguwa ɗaya ce ke jefawa a akwati ɗaya. In aka soke rumfuna, kuma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin zaɓe a wuraren ba, sai a ce zaɓe bai kammala ba, inkonkulusib ɗin nan da kowa ya haddace tun 2019. Ɓarna a wurinmu tana biyan mai ita.

A Amurka lissafin ba ya fita. Mai cinna wutar bai san abin da ke cikin ambulan ba, kuma akwatin tashar bas kowa na jefawa. Ɗauki misali: ƙuri'a 500 sun ƙone a yankin da ɗan takara ɗaya ke da kashi 55, ɗaya 45. Na farko ya rasa 275, na biyu 225, ribar ita ce 50. In tara cikin goma suka karɓi madadi, ta koma 5. A kan ƙuri'a 5 mutum zai sayi ɗaurin shekaru.

Duk da haka ba a raina abin. Vancouver tana cikin mazaɓa ta uku ta majalisar wakilai, inda a 2022 Marie Gluesenkamp Perez ta Dimokurat ta kayar da Joe Kent na Rifablikan da ƙuri'a 2,629 kacal, kuma su biyun ne suka sake karawa a 2024. A wannan jihar dai aka yi zaɓen gwamna na 2004, inda Christine Gregoire ta wuce Dino Rossi da ƙuri'a 129 bayan an sake ƙirgawa da hannu, cikin ƙuri'u wajen miliyan 2.8. A irin wannan tazara ko ambulan shida da aka kasa gane masu su sun isa su zama abin magana a kotu. A 2024 Perez ta yi nasara da kimanin 16,000, sai maganar ta mutu.

Abin da ke karewa, da inda yake gazawa

Mutane sun fi tambaya kan na'urar kashe wuta, amma ba ita ce kan gaba ba. 'Yan gwangwanaye ne da ake maƙalawa a rufin akwatin ta ciki, in zafi ko harshen wuta ya taɓa su sai su saki busasshiyar hoda. Hoda ake so saboda ruwa yana narkar da tawada ya manne takardu. Suna aiki a kan ƙaramar wuta da ta tashi a saman tari. Suna gazawa idan wutar ta shigo ta gefe ta ci ƙasan tarin inda hoda ba ta sauka, ko akwatin ya cika, ko gwangwanin ya tsufa ya sha danshi, ko kuma zafin irin na sinadarin da ke huda ƙarfe ne. Akwati mai rufuwa gam yana taimakawa, don wuta ba ta ci sai da iska. Wannan ma yana da nasa haɗarin: tarin da ke cin ciki a hankali yakan tashi lokacin da aka buɗe ƙofa, saboda haka ba a buɗewa sai abin kashewa na hannu.

Kyamara ba ta kashe wuta, bincike take taimaka wa. Ita ma sai an kafa ta inda za ta kama lambar mota da fuska, da fitila mai haske, in ba haka ba abin da za a samu shi ne inuwar mota mai duhu. A Portland an samu hoton motar, amma ba ta da lamba a gaba.

Abin da ya fi duka arha da tasiri shi ne lokacin kwashewa. Gobarar Boston da ta Portland da ta Vancouver da ta Phoenix duk tsakar dare ko da asuba aka yi su. In aka kwashe akwati da yamma, abin da zai kwana a ciki kaɗan ne. Gundumar Clark ta gane haka nan take, ta mai da kwashewa zuwa yamma, ta roƙi jama'a su jefa kafin ƙarfe 5:30, ta kuma ɗauki mutanen da za su zauna a mota suna kallon akwatunanta 22 dare da rana har zaɓe, da umarnin kada su tunkari kowa, su kira 'yan sanda kawai. Bayan gobarar Boston ma William Galvin, sakataren jihar Massachusetts mai kula da zaɓe, ya umarci garuruwa su riƙa kwashewa akai-akai su sa masu gadi. Gwamna Jay Inslee na Washington ya sa dakarun tsaron jiha cikin shirin ko-ta-kwana a makon zaɓen 2024, wanda ya fi kama da kwantar da hankalin jama'a.

Wasu sun ce a shigar da akwatunan cikin gini a huta. Jihar Georgia ta yi haka a dokarta ta 2021: akwati a cikin wuraren da ake jefa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe kawai, a lokutan aiki, kuma bai wuce ɗaya ga masu rajista 100,000 ba. Wuta ba za ta same shi ba, amma mai aikin dare da wanda ba shi da mota su ma ba za su same shi ba. Wisconsin ta yi ta kai da kawowa, kotun ƙolin jihar ta haramta akwatunan a Yulin 2022, ta dawo ta halatta a Yulin 2024, har magajin garin Wausau ya sa hular kwano ya tura na garinsu a amalanke ya kai ofishinsa. A kowace gobara masu son a rufe su sukan samu sabuwar hujja, kuma wannan riba ce da mai ashana ke ba su ko da bai san da su ba.

Hukunci ba wasa ba ne. Lalata akwatin gidan waya kaɗai, a dokar tarayya, yana kai mutum ɗaurin shekara uku. In aka tuhume shi da ƙona dukiya a ƙarƙashin dokar tarayya, daga shekara 5 ne zuwa 20, ga kuma tuhumar jiha a gefe.

Ranar da jami'ai suka fi tsoro ita ce ta ƙarshe. Duk tsarin madadin nan a kan lokaci ya dogara: a Vancouver akwai kwana takwas na shela da aikawa da sake cikewa. A ranar zaɓe akwatuna sun fi cika, kuma wanda ƙuri'arsa ta lalace da magariba ba shi da sauran awannin da zai nemi wata. Shi ya sa a ranar ake kwashe akwatuna masu cunkoso fiye da sau ɗaya, ake kuma tura ma'aikata su tsaya a kowane akwati kafin ƙarfe 8. Da lokaci ya cika sai su lura da mota ko mutumin ƙarshe a layi, su bar duk wanda ke gabansa ya jefa, su kulle bakin akwatin, su kwashe abin da ke ciki a daren, su kai ofis.